Kafin ka biya dala ka sayi kan jirgi na cikin kwamfuta: tambayoyin da ake yi mini a Aboabo

Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Aboabo, nan Kumasi. A lungun shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba na sayarwa, domin a kanta nake tuƙin jirgin ƙasa idan kasuwa ta yi sanyi. Da farko samari na leƙowa suna dariya, wai wasan tsofaffi ne, babu harbi babu ƙwallo. A hankali wasunsu suka kamu. Yanzu duk wanda ya tara kuɗin sabon kan jirgi sai ya biyo ta wajena, tambayoyin kuma ba sa wuce waɗannan. Na gaji da maimaita su a bakin ataya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Yaya, wai me ake sake saye? Ba na riga na biya kuɗin wasan ba?

Ka biya kuɗin fili ne da ɗaki biyu, sauran ginin yana gabanka. Wasan yakan zo da layin dogo biyu ko uku da kawunan jiragen da ke aiki a kansu. Sauran ana sayar da su ɗai-ɗai, su ne ake kira DLC. Idan ka sayi kan jirgi, abin da ke cikin ƙunshin shi ne surar jirgin, ɗakin direba da maɓallansa, ƙarar inji da ta birki da ta oda, lissafin nauyi da ƙarfin ja, fenti iri biyu ko uku, wani lokaci da taragu, sai ayyukan da aka shirya maka ka tuƙa, sai littafin bayani. Wanda ya ce zai sayi duk DLC na wasan Train Simulator Classic sai ya tanadi dubban daloli. Ba a yi su don mutum ɗaya ya kwashe ba, kamar yadda ba wanda ke shiga Kejetia ya ce a ɗaure masa kasuwar.

Na ga wani kan jirgi mai kyau a bidiyo. Zai hau wasana?

Fara gaya mini sunan wasanka cikakke, domin nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa. Kamfanin Dovetail Games na Ingila yana da wasanni biyu masu suna kusan ɗaya. Akwai Train Simulator Classic, wanda ya fito a 2009 da sunan RailWorks, akwai kuma Train Sim World da ya fara a 2017. Uba ɗaya, amma kayan wannan ba ya shiga wancan ko kaɗan. Trainz kuwa daga Ostareliya yake, tun 2001, yanzu a hannun N3V Games, da nasa tsarin daban. Sai Microsoft Train Simulator na 2001, wanda ya tsufa, amma Open Rails, wasan kyauta, yana karanta kayansa har yau.

Shi Train Sim World yana da wata al'ada: tun 2022 kowace shekara sai an fito da sabo mai sabuwar lamba. Kayan da ka saya a tsohon suna bin ka zuwa sabon, muddin kana kan dandali ɗaya. Abin da ka saya a PlayStation ba zai biyo ka Steam ba, wato shagon intanet da ake sayen wasannin kwamfuta.

To wane kan jirgi ya fi? Ka zaɓa mini ɗaya kawai.

Ba zan zaɓa ba sai ka gaya mini layukan da kake da su. Wannan ita ce maganar da nake so kowa ya riƙe: hanya ake fara dubawa, sannan jirgi.

Ni ma da kuɗina na koyi karatun. Shekarun baya na ga wani kan dizal, na yi kwana uku ina kallon hotunansa, na biya. Da na buɗe sai na tarar ayyukansa duk an rubuta su ne don wani layi da ba ni da shi, layin kuma ya fi jirgin tsada. An rubuta hakan ɓaro-ɓaro a bayanin kayan, ni ne ɗoki ya rufe mini ido. Wata biyu jirgin yana ajiye kamar ragon layya da aka saya ba a tanadi dusa ba.

A Train Sim World abin ya fi tsanani, domin yawancin kawunan jiragen da ake sayarwa daban an ɗaure su da wani layi takamaimai, kuma za ka ga an rubuta cewa sai kana da shi. A Train Simulator Classic akwai sauƙi: idan jirgin yana aiki da Quick Drive kana iya ɗora shi a kan wani layin ka yi tafiyarka. Amma tafiya ce kawai daga tasha zuwa tasha. Daɗin wasan yana cikin aikin da aka tsara, inda za a ce ka haɗa taragu a yadi, ka jira jirgin fasinja ya wuce, ka isa a kan lokaci ana ruwa. Wannan sai da layin da aka rubuta aikin dominsa.

Saboda haka buɗe jerin layukanka, ka ga wanda ka fi zama a kai. Nemi jiragen da a zahiri suke bin wannan layin, ko suka taɓa bi. A cikinsu za ka zaɓa. Class 66, alal misali, yana jan kaya kusan ko'ina a Birtaniya tun 1998, don haka duk mai layin Ingila na zamani ba zai rasa masa aiki ba. Kan jirgin da aka yi don reshe ɗaya tak, komai kyansa, sati ɗaya ka gama da shi.

Na ɗora jirgin lantarki a layi ya ƙi motsi. Ya lalace ne?

Lafiyarsa lau, abinci ne babu. Ɗaga kai ka ga ko akwai waya a sama. A Birtaniya layuka da yawa suna da wayar sama mai bolt 25,000, amma kudancin Landan dogo na uku ne a ƙasa mai bolt 750. Jamus wayar sama ce mai bolt 15,000. Jirgin da aka yi don ɗaya ba lallai ya ci ɗayan ba. Idan wayar tana nan kuma ya ƙi, to wataƙila ba ka ɗaga hannun da ke taɓa wayar ba, ko ba ka rufe babban makunni ba. Duba littafin.

Tururi, dizal ko lantarki, da wanne sabon shiga zai fara?

Dizal. Lantarki ya fi sauƙin tashi, amma yana da gudu, kafin ka ankara ka wuce tasha. Dizal yana ba ka lokacin tunani, kuma a kansa za ka koyi abin da ya raba direba da mai danna maɓalli, wato birki. Akwai birkin kan jirgin shi kaɗai, akwai na dukan taragu mai aiki da iska. A dogayen jiragen kaya na Amurka, irin waɗanda SD40-2 ko ES44AC ke ja, idan ka saki birki iskar tana ɗaukar lokaci kafin ta cika bututu har tarago na ƙarshe. Wanda ya yi ta taka birki yana saki a gangare zai wayi gari ba iska ba birki.

Tururi kuwa aure ne, ba zance ba. Kana lura da matsin tukunya, da ruwa, da wuta, da yawan tururin da kake bari ya shiga silinda, duk a lokaci ɗaya, gabanka kuma tukunya ta tare rabin hanya. Akwai mai zuba gawayi na kwamfuta da zai taimake ka, duk da haka kada ya zama sayenka na farko. Kowa yana son Flying Scotsman na 1923, ko Big Boy na Union Pacific da aka ƙera 25 kacal. Su jira ka.

Ni nawa Class 37 ne. English Electric ta ƙera 309 tsakanin 1960 da 1965, kuma Turawa suna masa laƙabi da tarakta saboda gurnaninsa. Idan na sa shi a lasifika, mai shagon kusa da ni yakan leƙo ya tambaya ko janareta na saya.

Ta yaya zan gane mai kyau da na banza tun ban biya ba?

Ka taɓa raka wani sayen inji a Suame Magazine? Ba wanda ke kallon fenti. Cewa ake a tayar mu ji. Haka za ka yi. Hotunan talla duk daga waje ake ɗaukarsu, da rana tana faɗuwa, alhali kai a ɗakin direba za ka zauna awa da awanni. Nemi bidiyon wani da ya saya yana tuƙawa daga ciki, ba na kamfanin ba. Saurari injin lokacin da ake ƙara wuta: yana hawa a hankali kamar na gaske, ko tsalle yake daga murya zuwa murya? Dubi maɓallan, nawa ne ke aiki, nawa ne zane kawai?

Sai shekarar fitowa. A Train Simulator Classic akwai kayan da suka haura shekara goma ana sayar da su gefe da gefe da na bana, kuma bambancin a bayyane yake. Sai sunan maƙerin, domin ba Dovetail ke yin duka ba. Armstrong Powerhouse sun yi suna wajen ƙara da gyaran jiragen Birtaniya, Bossman Games da Victory Works wajen tururi, virtual Railroads wajen na Jamus, Jointed Rail kuma wajen jiragen Amurka a Trainz. Lura da abu ɗaya: wasu kayan Armstrong Powerhouse gyara ne a kan jirgin da ake zaton kana da shi. Idan ba ka da na asalin, ka sayi riga babu mai sawa.

Littafin bayani sau da yawa ana iya sauke shi kyauta kafin saye. Karanta. Mai shafi 6 da mai shafi 60 ba jirgi ɗaya ba ne, kuma ba kowa ke son na 60 ɗin ba. Wanda aka yi wa tambarin Pro Range yana nufin sai ka bi matakai kafin ya tashi.

Jirgina na Jamus yana ta kama birki da kansa. Me na yi masa?

Ba ka amsa masa ba. Kowace ƙasa da irin na'urar da ke tsaron direba. A Birtaniya AWS ce: idan sigina ba kore ba ce za ta yi ƙara, ka danna cikin daƙiƙu kaɗan ko ta tsayar da kai. A Jamus akwai SIFA mai son ka taɓa ta duk bayan daƙiƙa 30 don ta san ba ka yi barci ba, da PZB mai ba ka daƙiƙa 4 ka amsa gargaɗi, sannan ta sa ido ta ga ka rage gudu yadda aka ƙayyade. Ana iya kashe su a yawancin jirage. Shawarata, ka tsaya a ƙasa ɗaya har siginoninta su zauna maka. Hakan ma yana rage kashe kuɗi, tunda jiragen ƙasa ɗaya suna ba juna aiki.

Yaya, babu namu na Ghana ne?

Wannan tambayar ita ke taɓa ni. A shagon Dovetail babu layin Ghana. Kuma ba don ba mu da tarihi ba. An fara shimfiɗa dogo daga Sekondi a 1898, ya kai Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, ya shigo Kumasi a 1903 saboda zinariya. Na Akra ya haɗe da Kumasi a 1923, saboda koko. Kakana yana ba mu labarin yadda ake loda huhun goro a tasha, da jirgin dare zuwa Takoradi. Yau je ka bayan babbar kasuwa ka ga dogon, 'yan kasuwa sun baza kaya a kansa, yaran da aka haifa a Asawase da yawa ba su taɓa jin odar jirgi a garinsu ba. Ina jin shi ya sa wasan ke kama wasunmu.

Mai son abin da ya yi kama da namu ya fara da faɗin dogo. Tsohon layinmu milimita 1,067 ne, yayin da yawancin jiragen da ake sayarwa na milimita 1,435 ne. Faɗinmu ɗaya da Afirka ta Kudu, da New Zealand, da tsofaffin layukan Japan, da tsohon layin Najeriya. A Train Simulator Classic akwai layin Outeniqua Choo Tjoe na Afirka ta Kudu, a Trainz kuma masu sha'awar jihar Queensland sun yi kaya da yawa a wannan faɗin. English Electric da na ambata ta sayar wa Ghana kawunan dizal, don haka gurnanin Class 37 ba baƙo ba ne ga kunnen tsofaffin ma'aikatan reluwe. Sabon layin Tema zuwa Mpakadan, mai kimanin kilomita 97, shi faɗin 1,435 ne, jiragensa kuma daga kamfanin Pesa na Foland. Wasan SimRail, wanda ke kan layukan Foland, yana da jirgin Pesa, sai dai na lantarki ne, namu dizal.

Mai haƙuri yana iya gina Kumasi zuwa Obuasi da hannunsa a Trainz, domin sashensa na Surveyor ya fi na kowa sauƙin shimfiɗa dogo. Na fara, na tsaya a Bekwai. Wata rana.

Na kyauta fa? Suna da kyau?

Wasu sun fi na kuɗi. Mai Open Rails zai iya shekara bai biya ko pesewa ba. Trainz yana da Download Station, rumbun kayan da masu wasa suka ƙera, kowane abu da lambarsa da ake kira KUID. Matsalar na kyauta ita ce 'yan rakiya. Kan jirgi ɗaya yana iya dogara da ƙafafun da wani ya yi, da odar wani, da ɗakin direban wani. Ɗaya ya ɓace, jirgin ya fito babu ƙafa ko ya ƙi fitowa. A Trainz, Content Manager zai nuna maka abin da ya rage.

A Steam Workshop na Train Simulator Classic, inda masu wasa ke ɗora abin da suka ƙera kyauta, ayyuka da layuka za ka samu, kuma kowanne yana da jerin DLC da yake buƙata. Karanta jerin kafin ka yi murna. Sabon fenti na kyauta shi ma haka, sai kana da jirgin da aka yi wa.

Wani ya ce zai zuba mini DLC duka a filas a kan sidi kaɗan.

Ni ne mai gyaran kwamfutocin da aka zuba wa irin wannan, don haka na san ƙarshen labarin. Rabin kayan ba sa tashi, ba sa karɓar gyara idan an sabunta wasan, wasu kuma suna zuwa da ƙwayar cuta mai satar kalmar sirri. Ban da haka haƙƙin mutane ne. Da yawa cikin masu ƙera jiragen nan mutum biyu ne ko uku, ba wani katafaren kamfani ba.

Yaya ake biya daga nan, kuma yaushe ya fi araha?

Steam da dala yake mana lissafi, saboda haka farashin yana tafiya da lafiyar sidi. Katin banki na Visa ko Mastercard da aka buɗe wa sayayyar waje yana aiki, bankin kuma zai ɗora nasa. Kada ka canza ƙasarka da VPN don neman araha, dokar Steam ta hana, kuma asusun da ka tara wa kaya ne za ka jefa a haɗari.

Kan jirgi yakan kama daga wajen dala 10 zuwa 25, layi ya fi haka. Amma ban cika sayen komai a cikakken farashi ba. Akwai babban rangwame a ƙarshen Yuni da kuma ƙarshen Disamba, inda tsofaffin kaya kan faɗo rabi. Sa abin da kake so a jerin buri na Steam, za su aiko maka saƙo idan ya sauka. Jiran yana da wani amfani: rabin abin da na sa a jerin, kafin rangwame ya zo na daina sonsa.

Idan ka saya ka ga ba haka ba, Steam yana mayar da kuɗin DLC cikin kwana 14, in dai ba ka yi awa 2 a wasan ba tun da ka saya. Awa biyun nan da gudu suke tafiya, kada ka bar wasan a buɗe ka tafi masallaci. Wanda ka saya kai tsaye daga maƙeri kuwa, dokar maƙerin ce ke aiki.

Laftof ɗina na hannu ne, na Adum na saya. Zai ɗauka?

In babu katin hoto na daban a ciki, manta da Train Sim World, ka kama Open Rails ko tsofaffin layukan Train Simulator Classic. A na biyun ka riƙa buɗe mai 64-bit, ya fi jure kaya masu nauyi. Yawanci layi ne ke wahalar da kwamfuta, ba kan jirgi ba, sai dai in ka cika yadi da jirage masu ado. Data ma haka: kan jirgi ɗaya ba ya da yawa, layin Train Sim World kuwa gigabait ne masu yawa. Bari sai dare. Steam yana ci gaba daga inda ya tsaya idan an ɗauke wuta, amma kwamfutar tebur da dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta, ke kashewa tana cikin rubuta fayil, ita ce ke zuwa shagona.

Na girka, amma ban gan shi a jeri ba.

Na Steam da kansa yake shiga, duba kawai ko an yi masa alama a jerin DLC. Na waje, idan fayil ne mai ƙarewa da .rwp, da Utilities.exe da ke cikin foldar RailWorks ake shigar da shi. Na Trainz .cdp ne, ta Content Manager. Na Open Rails ana ajiye shi a foldar Trainset, kuma ba zai fito ba sai an haɗa shi cikin jerin taragu, wato fayil ɗin .con. Bayan haka share ma'ajiyar wucin gadi ta wasan ka sake buɗewa. Kafin ka taɓa komai, kwafe foldojin Assets da Content ka ajiye a gefe. Kuma ka sani, idan ka sa Steam ya binciki fayilolin wasan, zai mayar da na asali a kan gyaran da ka ɗora, sai ka sake girkawa.

Malam, yarona ne ya dame ni in saya masa. Shekararsa 12. Me zan saya, kuma nawa zan kashe?

Alhaji, kada ka ba shi katinka, ka zauna kusa da shi ranar sayen. Ka ce ya nuna maka layin da ya fi tuƙawa, da ayyukan da ya gama a kai. Idan bai gama na jiragen da suka zo da wasan ba, sayen bai yi ba tukuna. Idan ya gama, kan dizal ɗaya mai aiki a wannan layin ya ishe shi har hutun gaba, kuma a jira rangwamen Disamba. Ka sa sharaɗi ya karanta littafin jirgin ya yi maka bayani da Hausa yadda birkin ke aiki. In ya kasa, ka turo mini shi ranar Asabar bayan la'asar, kwamfutar lungu tana nan.